Yadda Muka Shirya Tafiya Su Kanada, Ni da Koren Fasfona

Maganar ta faro ne a ɗakin cin abinci na wurin aikinmu a Miniyapolis ta jihar Minesota a Amurka cikin Janairun 2024, sanyi a waje kamar zai tsaga ƙashi, wani abokin aikina Bature da muke ce ma Tsoho sbd ya kusa ritaya ya miƙo min wayarsa yace kalli nan. Hoton shi ne a kwale-kwale ya rungumo wani dogon kifi mai baki kamar na kada. Nace wannan fa a ina, yace Ontariyo ta Kanada, tafkin Lake of the Woods, duk shekara suke zuwa shi da abokansa kuma bana mutum ɗaya ya fita, ko zan shiga?

Ni kuma ɗan Yauri ne, a bakin ruwa na tashi, kawuna masunci ne, tun ina firamare na san taru da mamari da mali, na je Argungu na ga yadda ake faɗawa Matan Fada da gora da homa a fito da giwan ruwa. Sai nace masa haba Tsoho, ni za a gaya wa su? Ka sa sunana kawai. Ashe da sauran rina a kaba.

Kifi iri biyu ake zuwa nema. Na farko walai, Turawa na rubuta shi walleye, sunan kamar mutum zai yi rantsuwa, ƴan Kanada kuma pikirel suke ce masa. Shi ne kifin jihar Minesota a hukumance, shi ake ci, namansa fari tas ba ƙarni sosai. Idonsa wani iri ne kamar an zuba madara a ciki, yana gani a duhu fiye da ƙananan kifin da yake farauta, shi ya sa ya fi cin fatsa da sassafe ko gab da magariba ko ranar da hadari ya haɗu iska na kaɗa ruwa. Na biyun shi ne maski, wancan mai bakin kada. Shi ba don ci ake nemansa ba, don suna ne, kirarin da suke masa wai kifin jifa dubu goma, wato sai ka jefa fatsa sau 10,000 kafin ɗaya ya kula ka. Na ɗauka zuzutawa ce irin ta masunta.

Abu na farko da ya fara sanyaya min gwiwa ba kifi ba ne, takarda ce. Su Tsoho ko a jikinsu, shi ma ba fasfo yake ɗauka ba, lasin tuƙi ne na musamman da Minesota ke bayarwa wanda ɗan ƙasa ke tsallaka iyakar ƙasa da shi ta mota. Da na tambaye shi ni fa me zan riƙe sai yace ai kawai ka taho da katinka, wlh shi bai taɓa tunanin akwai wanda shiga Kanada ke zame wa aiki ba. Na zauna da daddare na shiga shafin shige da ficen Kanada na karanta da kaina. Mai girin kad na Amurka, wato katin zama na dindindin, ba ya buƙatar biza, alhamdulillahi, amma a lokacin shafin yace tun Afrilun 2022 dole ya nuna abu biyu, girin kad ɗin da kuma fasfon ƙasarsa mai rai. Na tashi na buɗe durowa na ɗauko koren fasfona, ina dubawa naga saura wata uku ya mutu. Laifina ne, tunda na dawo daga gida na jefa shi can na manta. To a Minesota babu inda ake sabunta mana fasfo kullum, ofisoshin jakadancinmu suna Washinton da Niyok da Atlanta, sai da na cike a intanet na nemi rana na hau jirgi naje aka ɗauki hoto da yatsu. Kaga tun ban ga ruwa ba kuɗin kifi ya fara fita. Uwargida tace wannan kifin dai ko na zinare ne sai haka.

Can cikin Maris kuma na gano dalilin da ya sa wancan mutumin ya fita daga tafiyar, sannan wani ma ya bi bayansa sbd aiki. Na farkon an taɓa kama shi da tuƙi cikin maye, kuma Kanada ba sa wasa da wannan, tun Disambar 2018 suka mayar da shi babban laifi, ko a Amurka ka yi shi za su iya juyo ka daga bakin gada ƴan uwanka su wuce su bar ka a tsaye da jakarka. Suna ganin bayanan a kwamfutarsu. Gurbi ya sake samuwa sai nace bari in jawo ƙanen matata, yaro ne ɗalibi yana digiri na biyu a nan. Na kira shi nace kana son zuwa Kanada kamun kifi, yace Yaya ko kamun kwaɗo ne ina zuwa.

Nasa lamarin ya fi nawa tsawo. Shi da bizar karatu yake zaune, kuma bizar Amurka ba ta shigar da ɗan Najeriya Kanada, sai ya nemi bizar ziyara daban, dalar Kanada 100 kuɗin nema da 85 na ɗaukar yatsu, a haɗa da shaidar kuɗi a banki da wasiƙar makaranta da takardar masaukin da muka kama. Sannan sai makarantarsa ta sa hannu a takardarsa ta shaidar ɗalibta da ake kira I-20 don ya iya dawowa, in ba haka ba ka fita lafiya ka maƙale a dawowa. Mun fara a makare, kullum sai ya kira ni, Yaya har yanzu shiru, nace ka ci gaba da addu'a. Ta fito saura kwana goma sha wani abu. Duk wanda zai ja ɗalibi ko mai bizar aiki irin wannan tafiyar dan Allah ya fara da wannan tun sanyi bai wuce ba, kafin ya sayi ko ƙugiya ɗaya.

Sai maganar rana. Ontariyo sun raba ruwansu shiyya 20, kowace da dokarta, inda za mu shiyya ta 5 ce. Walai ana buɗe kamunsa Asabar ta uku a watan Mayu, maski kuma sai Asabar ta uku a Yuni, kafin nan ko jefa masa fatsa da gangan laifi ne don lokacin yana zuba ƙwai ko bai daɗe da gamawa ba. A 2024 Asabar ɗin ta faɗo 15 ga Yuni, su Tsoho kuma al'adarsu ranar buɗewa suke son kasancewa a ruwa. Na duba kalanda naga washegari 16 ga wata Babbar Sallah. Nace Tsoho wannan kam ba zai yiwu ba, in na bar iyali ranar layya na tafi su to in na dawo sai dai in kwana a gareji. Ya yi dariya ya kira masu masaukin aka matsar mana zuwa Asabar 22 ga wata, muka ci sa'a akwai ɗaki, don wuraren nan tun watan Janairu ko ma tun bara mutane ke ajiye kafin alƙalami.

Masaukin yana kusa da Nestor Falls, ɓangaren tafkin da ake kira Sabaskong. Tsari biyu suke da shi, akwai wanda su za su dafa muku sau uku a rana, akwai wanda za a ba ku ɗaki da kicin da tukwane ku ji da kanku. Ni na dage kan na biyu, ba don arha kaɗai ba. Abincin masu su a can naman alade ya yi masa katutu, da safe shi ne, waken gwangwani a ciki akwai shi, kuma babban abin alfaharinsu wato abincin rana a bakin tsibiri, inda ake fere kifin da aka kama a soya nan take da dankali da albasa, da yawa da kitsen alade suke soyawa, wasu kuma su kwaɓa fulawar da giya. Na rubuta wa mai masaukin tun da wuri na yi masa bayani, mutumin kirki, yace ba matsala ku zo da manku, zai gaya wa ɗan jagora ya ware kasko. Muka sayi man gyaɗa galan guda, na sa uwargida ta daka mana yaji.

Kilishi ne ya ba ni haushi. Wani ɗan uwa ya ba ni mai kyau, na riga na raya a raina ina zaune a kwale-kwale ina yagarsa, sai na karanta cewa duk wani abinci sai ka faɗa a bakin iyaka kuma nama irin wanda ba na kanti ba mai tambarin inda aka yi shi neman magana ne. Na bar shi gida, naman layya ma na bar shi. Itacen wuta ba a shiga da shi sbd ƙwari. Ƙaramar bindiga kar ma ka fara, haka barkonon tsohuwa na fesa wa mutum, na sa ƙanen matata ya zazzage motar kaf har ƙarƙashin kujera.

Lasin su a intanet muka yi, minti ashirin. Sai ka fara sayen wani kati da suke kira Outdoors Card mai shekara 3, sannan lasin kansa, mu na kwana 8 muka ɗauka. Iri biyu ne, akwai cikakke akwai na tattali mai rahusa wanda kifin da za ka riƙe bai kai na cikakken ba, kuma da shi ba ka da ikon riƙe maski ko ɗaya. Na ɗauki cikakke ina ta lissafin yadda zan cika kula in kawo gida a yi ta miya har kaka. Da na buɗe littafin dokar sai jikina ya yi sanyi, baƙo kamata walai 2 kacal zai riƙe a rana, kuma duka abin da zai mallaka ko a firiza ko a kula kada ya wuce 4, wanda ka soya ka ci a tsibiri ma yana cikin lissafin ranar. Ga dokar tsawo, akwai girman da in kifi ya kai dole ka mayar don su ne matan da ke zuba ƙwai. Maski kuwa a tafkin nan sai ya kai inci 54, wato santimita 137, kafin doka ta yarda ka ɗauka, kuma ko ya kai in ka kashe shi kallon da masu su za su yi maka sai ka gwammace ƙasa ta tsage. Na kira kawu a WhatsApp na gaya masa, ya yi shiru can yace to ɗana in ba za ku ci ba me ya kai ku, wahala ce ta yi muku kaɗan? Ban da amsa.

Na so in yi wayo kan abincin fatsa, a Minesota ƙananan kifi masu rai da matsattsaku sun fi arha, nace mu saya mu tafi da su. Tsoho ya zaro ido. Haramun ne a shiga Ontariyo da su, sbd cututtuka da baƙin halittu da ke ɓata ruwa, a can za ka saya kuma tun 2022 sai ka ajiye rasit ɗin a aljihu, na sati 2 ne, in jami'in gandun daji ya tare ka a ruwa zai tambaya. Eh matsattsaku, wannan dai da muke gudu a fadama, a nan kuɗi ake sa wa a saya da dozin kuma walai na son shi kamar me.

Kayan aiki kuma nan ne aljihu ya ji jiki. Na walai ba wani abu, sanda mara nauyi da siririn zare da ƙugiya mai ɗan kan darma, ka sa kifi ko matsattsaku ka saukar har ƙasa ka riƙa ɗan ɗagawa kana saki. Na maski wata duniya ce, sanda ta fi ƙafa 8, zare mai kauri kamar na ɗinkin buhu, a bakinsa a ɗaura waya don haƙoransa na yanke zare kamar reza, kifin bogi kuma wani ya kai tsawon takalmina, guda ɗaya sai ya ci dala 30 ko fi. Ga ƙatuwar koma da yaro zai iya kwanciya a ciki, ga doguwar filaya, ga almakashin yanke ƙugiya in ta shige wuri mara kyau. Na tsaya a kanti ina ta juya kaya ina duba farashi, ƙarshe na sayi guda biyu kawai Tsoho ya ara min sanda. Shawarar da zan ba sabon shiga kenan, ka ara, kar ka saya sai ka tabbatar ciwon ya kama ka.

Jirgi ba mu ja namu ba, haya muka yi a masaukin, don in ka ja naka sai ka wanke ka tsiyaye ruwan ciki ka cire toshiyar ƙasa kafin ka hau titi, ga kuma tafkin da tsibirai sama da 14,000 da duwatsu a ɓoye ƙarƙashin ruwa masu cin farfela. Tafkin ya ratsa Minesota da Ontariyo da Manitoba, lasin Ontariyo a ruwan Ontariyo kawai yake aiki. Muka haɗa kuɗi muka ɗauki ɗan jagora na kwana biyun farko, wannan kuɗin ne kaɗai ban ji zafin fitarsa ba.

Ranar tafiya mun bar Miniyapolis bayan asuba, muka miƙe arewa kan I-35 muka ratse ta Cloquet muka hau hanya ta 53, wajen awa biyar zuwa International Falls da ke bakin iyaka. Muka cika tanki a nan don mai ya fi tsada a tsallake kuma da lita suke sayarwa. Gadar kan kogin Rainy take, ana biyan kuɗin hawa, kana sauka kana Fort Frances. Layin motoci masu jan jirage ya yi tsawo sbd Asabar ce ranar canjin baƙi a duk masaukai. Na riga na haɗa komai a fayil ɗaya, fasfo, girin kad, takardar masauki, lasin su, inshorar mota. Jami'ar ta karɓa ta tambaya ina za ku, kwana nawa, akwai makami, akwai giya ko taba, akwai abincin fatsa mai rai, wane abinci kuka ɗauko. Na lissafa mata har yaji, tace mene ne shi, nace barkono ne da citta da ƙuli-ƙuli, gyaɗa kenan. Ta kalli koren fasfo biyu ta kalli Tsoho ta ba mu ƴar takarda tace ku faka can ku shiga ciki. Na sha jinin jikina, ƙanen matata har gumi yake a cikin sanyin mota. Ashe bizarsa kawai za su duba su buga masa hatimi, minti ashirin da biyar muka fito. Tsoho yace shekara talatin yana bin gadar nan bai taɓa sanin yadda cikin ofishin yake ba sai yau. Nace to ka gode mana.

Daga nan yamma kan hanya ta 11 mu wuce Emo sannan arewa kan 71, allon gudu ya koma kilomita, sabis ɗin waya ya fara ɗaukewa, gara da na sauke taswira tun a gida.

Abin da ban shirya masa ba sam shi ne lokutan sallah. Ƙarshen Yuni a can rana ba ta faɗuwa sai tara ta wuce, isha'i sai wajen sha ɗaya da wani abu, alfijir kuma ƙarfe uku da ɗan kai ya keto, ga shi walai a daidai magariba yake ci. Kwana biyu ina tafiya kamar mashayi sbd rashin barci kafin na daidaita, muna ƙasaru muna haɗa azahar da la'asar a kan dutse in an sauka cin abinci, alƙibla arewa maso gabas, ɗan jagoran ma har ya gane yana nuna mana wuri mai faɗi. Mutumin ɗan ƙabilar Ojibwe ne, ƴan asalin wurin, ba ya yawan magana, ya kalli ruwa kawai ya kashe inji yace nan, sai ya tuna min da Sarkawan garinmu. Sauro kuwa, na ɗauka na Yauri ne ƙarshe, wlh na can ta cikin wando suke cizo.

Walai mun same shi ba laifi, cizonsa a hankali ne kamar an ɗan taɓa maka zare da yatsa, na yi ta kuskurewa ina fizga irin ta tarwaɗa sai da ɗan jagora yace ka ƙirga biyu tukun. Soyayyen walai da yaji a kan tsibiri, Tsoho ya ci yana hawaye yana ƙara miƙo faranti. Maski kuma kwana uku ina jifa har kafaɗata ta daina ɗaguwa, ko alama. An koya min cewa duk jifa in kifin bogin ya iso gefen jirgi kar ka cire, ka tsoma bakin sandar ka zana lamba 8 a ruwa don maski yakan biyo a baya ya tsaya yana kallo. Na yi ta yi ina jin kamar wawa. Ranar Alhamis da yamma kusa da wani ciyayi ina naɗe zare sai naga wata inuwa kamar gungumen icce tana bin kayana, har naga idonsa, tsawonsa ya kusa kai ƙafata da cinya duka. Maimakon in zana 8 ɗin sai na ce innalillahi na fizge sandar sama gaba ɗaya. Ya juya a hankali ya nutse. Ƙanen matata ya yi dariya har ya zauna a ƙasan jirgi, yana cewa Yaya ɗan Yauri guda, Yaya jikan masunta. Tsoho ya kama ɗaya washegari inci 41, aka auna aka ɗauki hoto cikin sakan kaɗan, ya riƙe wutsiyarsa a ruwa har ya farfaɗo ya tafi.

Daren ƙarshe muka shirya na guzuri, kowa 4, kuma shi ma da ƙa'idarsa, sai ka bar fata a jikin kowace tsoka don a gane irin kifin, a daskarar da su a shimfiɗe yadda za a iya ƙirgawa, ba a dunƙule su wuri ɗaya. A dawowa jami'in Amurka ya karɓi girin kad ɗina da I-20 ɗin yaron, ya tambayi kifi nawa, ya leƙa kula ya rufe yace mu wuce.

Na iso gida na ajiye wa uwargida kifi huɗu a kan tebur, ta ɗaga leda ɗaya ta juya ta, tace duka kenan, na sati guda da sabon fasfo? Nace duka kenan. Na tambayi kilishina tace ai yara sun gama da shi tun ranar Litinin. Tsoho ya riga ya ajiye mana kafin alƙalami na baɗi tun kafin mu bar masaukin, ban gaya mata ba tukuna, kuma har yanzu sandarsa tana garejina ban mayar ba.